Kasimu Yero da kujerar falon da aka ajiye dattawan fim a kai

Ɗan wasan kwaikwayo Kasimu Yero ya rasu a Kaduna ranar 3 ga Satumba 2017 yana da shekara 70, Allah ya jiƙansa ya sa ya huta. Har yau in aka ambace shi za ka ga suna biyu ke fitowa, mutanen Legas da Inugu su ce Uncle Gaga, mu nan gida mu ce Karambana. Mutum ɗaya ne ya riƙe masu kallo da Turanci ya kuma riƙe su da Hausa, kuma ba da kyan fuska ba, ba da soyayya ba, da hali kawai. In an ba shi mutum ya fito a matsayinsa sai ya shige cikin mutumin nan gaba ɗaya har ka manta akwai wani Kasimu.

Wanda bai kalli Cock Crow at Dawn ba bari in ɗan ba shi haske. NTA ce ta fara nuna shi a 1980, a yankin Jos aka ɗauka, bankin UBA ya ɗauki nauyi, lokacin gwamnatin Shagari na ta kiran mutane su koma gona. Labarin Bello ne da ya bar birni ya koma ƙauye da iyalinsa zai yi noman zamani, George Menta ne Bello, Sadiq Daba kuma shi ne Bitrus. To a takarda ai wannan shiri ne na wayar da kai, irin wanda mutum zai ji ana maganar taki da iri ya tashi ya kashe talabijin. Abin da ya hana a kashe shi ne akwai Gaga, wanda Kasimu ya fito a matsayinsa, kawun nan mai taurin kai da ba ya ganin alheri a duk abin da Bello ya kawo. Mutane sun ji haushinsa da gaske, kuma haushin nan ne yake dawo da su gaban akwatin duk mako, don kowa yana da irin wannan kawun a danginsa, wanda in an zauna maganar gona ko gado shi ne zai ce ba a isa ba, kuma in ka natsu ka saurare shi sai ka ga ba mugunta ce zalla ba, akwai tsoron kar a mayar da shi ba kowa ba a gidan da ya girma. Wannan tsoron da ke ƙarƙashin masifar shi ne aikin ɗan wasa, ba kowa ke iya fito da shi ba.

Haka kuma ya juya ya yi barkwanci a Karambana a NTA Kaduna, mutumin da ba ya iya ganin abu ya wuce sai ya tsoma baki, ya kuma fito a wasan talabijin na Magana Jari Ce da aka ɗauko daga littafin Abubakar Imam. Mugu yau, abin dariya gobe, mutumin fada jibi.

Su wannan zubin ba daga sama suka faɗo ba. Dandamali ne da rediyo suka gina su, inda dole muryarka ta kai wa na layin ƙarshe ba tare da ka yi ihu ba, inda ake maimaita wasa ɗaya har sai kowa ya san inda zai tsaya da lokacin da zai yi shiru. Usman Baba Pategi, Samanja Mazan Fama, wanda ya rasu a Nuwamban 2023, tsohon soja ne da ya ɗauko Hausar bariki ya mayar da ita abin da ƙasa duka ke jira. Karkuzu a Jos haka. Ko Kannywood ɗin ma ai daga ƙungiyoyin wasan kwaikwayo ta fito, ƙungiyar Tumbin Giwa ce ta yi fim ɗin Turmin Danya a 1990 a Kano.

To amma duba abin da masana'antar ta yi da dattijo bayan nan. Wallahi wannan shi ne abin da ke damuna. Ka ɗauki finafinan da muka sha kallo shekara da shekaru, uba yana ina? Yana falo a kan doguwar kujera, babbar riga, carbi a hannu, jarida a gefe, yarinya ta shigo ta durƙusa ta ce Abba ni fa ba na son shi, ya ɗago ya ce na gama magana. Bayan awa ɗaya a sake dawo da shi kan kujerar nan, hula kawai aka canza, ya ce na yafe miki Allah ya yi miki albarka. Shi ke nan aikinsa ya ƙare. Ba mu san sana'arsa ba, ba mu san me ya sa ya kafe ba, ba mu taɓa ganinsa shi kaɗai cikin dare yana tunanin ko ya yi kuskure ba. Uwa kuma ko dai mai kuka ce ko mai zuwa gidan boka. An ɗauki mutanen da za su iya riƙe labari gaba ɗaya an mayar da su kamar labulen ɗaki, ana ɗagawa a wuce.

Kuma ƙaramin matsayi shi ke jawo ƙaramin kuɗi. Lokacin da Ladin Cima ta faɗa wa BBC Hausa a 2022 cewa 'yan dubbai ake ba ta in ta yi fim, an yi ta cacar baki, wasu na cewa furodusoshi azzalumai ne, su kuma suna cewa ai fitowa ɗaya ko biyu take yi, nawa za a ba ta. Ni a ganina amsar furodusoshin nan ita ce ainihin laifin. Me ya sa mace da ta shafe shekaru tana wasa tun zamanin talabijin za a ce fitowa biyu kawai labarin ke da ita dominta? Wa ya rubuta labarin?

Na san abin da za a ce, kuma ba ƙarya ba ne. Zamanin su Kasimu gwamnati ke biya, ga banki ya tsaya, babu mai fargabar ko kaset zai sayu a kasuwa. Mai fim a Kano kuwa da kuɗinsa yake caca, matasa ne masu saye, fuskar jarumi da jaruma ce ke kan fosta, ga masu satar fasaha sun tsaya masa a wuya. Duk na yarda. Amma rubuta wa dattijo magana mai nauyi ba ya ƙara ko sisi a kasafin fim, lokacin marubuci kawai yake ci, da ya zauna ya tambayi kansa wane ne wannan mutumin kafin ya zama baban jaruma. Sannan batun cewa ba a sayen fuskar tsoho, daraktan fim Kunle Afolayan ya ɗauki Sadiq Daba, abokin aikin Kasimu a Cock Crow at Dawn, yana wajen shekara sittin, ya ɗora masa fim ɗin October 1 na 2014 kacokan a matsayin sufetan 'yan sanda ɗan arewa, kuma da fim ɗin Sadiq Daba ya ci kyautar gwarzon ɗan wasa ta AMAA, gasar finafinan Afirka, a 2015. Daga Legas aka zo aka ga abin da ke hannunmu.

Yanzu ma dai uzurin ya ragu sosai. Kasuwa ta koma finafinai masu dogon zango a YouTube da Arewa24, labari ɗaya ya yi wata da watanni ana binsa, akwai fili isasshe. Shirin Daɗin Kowa na Arewa24 ya nuna haka, mutane sun riƙe sunayen malamai da masu unguwa da kishiyoyi da 'yan tireda na garin fiye da yadda suka riƙe na masoya, don an bar su sun rayu, suna da bashi, suna da maƙwabta, suna da abin da suke ɓoyewa. Amma har yanzu da yawan masu dogon zangon sun ɗauko kujerar falon nan sun taho da ita, sai dai yanzu sau talatin ake zama a kai maimakon sau biyu.

Akwai kuma nauyi a kan NTA, musamman ta Kaduna da ta Jos. Yaron da yake son koyon wannan sana'a yau a ina zai zauna ya kalli Gaga daga farko har ƙarshe, ya ga yadda ake gina mutum a hankali? Abin da ke yawo a intanet guntaye ne masu dishi-dishi. Duk abin da ya rage na kaset ɗin nan ya kamata a fito da shi a juye shi zuwa kwamfuta a saka inda kowa zai samu, a kuma ba sassan koyar da wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello da Bayero da ta Jos kwafi, a kuma tabbatar iyalan waɗanda suka yi aikin sun samu wani abu daga ciki. Kaset ba ya jira, zafi da ƙura suna cinye shi a ma'ajiya, kuma waɗanda za su iya kallo su ce wannan wane ne, a gari kaza aka ɗauka, su ma kullum raguwa suke yi.