Daskarar da ƙwan haihuwa ba tabbacin samun ɗa ba ne

Ma'aurata da yawa da ke neman haihuwa a asibiti suna ɗauka cewa da zarar an ciro ƙwan mace an daskarar, to ɗa ya samu, lokaci kawai ake jira. Ba haka abin yake ba, kuma wannan zato yana jefa mutane cikin baƙin ciki daga baya.

Aikin kansa ingantacce ne. Tun 1986 aka samu haihuwar farko ta wannan hanya a Ostireliya. Ana ajiye ƙwan cikin ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri, inda ba ya tsufa. Amma da sauran tafiya: wani ƙwan ba ya rayuwa bayan an narkar da shi, wani ba ya haɗuwa da maniyyin miji, wani ya haɗu amma ya ƙi kamawa a mahaifa.

Abin da ya fi tasiri shi ne shekarun matar a ranar da aka ciro ƙwan. Na 'yar shekara 30 ya fi na 'yar 40 inganci nesa ba kusa ba. Kafin a biya kuɗi, a tambayi likita ƙwai nawa ya kamata a tara a shekarunta.