Keken Ƙanƙara a Yashin Marwa

A gwanjo na samu keken nan mai taya faɗin inci 4, irin wanda mutanen Alaska ke hawa a kan dusar ƙanƙara. Ga shi ƙaddara ta jefo shi Marwa, a arewacin Kamaru, inda zafin Afrilu ke haura digiri 40. Ban taɓa sa masa ƙararrawa ba, yaran unguwa sun wadatar.

Da rani, idan kogin Mayo Kaliyawo ya ƙafe ya koma yashi zalla, nan nake shan sharafina. Sai in sace iskar taya ta dawo wajen psi 8 a ma'aunin iska, ta baje, in bi ta kan yashin da ke haɗiye babur ina ɗaga wa mutane hannu. Fok ɗin da ke riƙe tayar gaba sandararren ƙarfe ne, ba shokozoba, kuma ban ji rashinsa ba, don tayar ce ke shanye komai.

Ranar da na bi abokai wajen Mokolo, cikin duwatsun Mandara, labari ya sha bamban. Taya mai taushi tana haɗiye tsakuwa, amma idan ta doki babban dutse sai ta yi tsalle, ta sake, ta kuma, tunda babu abin da ke danne ta. Na dawo gida hannu na karkarwa, kofin shayi ya ƙi isa baki. Uwargida ta dube ni ta ce, "Malam, zazzaɓi ne ko tsufa?"

Sai Yaya ya shigo maganar. Shi rabonsa da keke tun yana firamare, amma waya ta mai da shi masani. Ya ce tun 2014 kamfanin RockShox ya fitar da fok mai shokozoba na irin wannan keke, sunansa Bluto. Gaskiyarsa. Da na ji kuɗin, na yi salati na koma gefe. Wani dillali ya samo mini marar suna daga Duwala, ya rantse uwarsu ɗaya ubansu ɗaya.

Wurin ɗaurawa aka fara daru. Cibiyar tayata milimita 135 ce, sabon fok kuma 150 yake nema. Mai gyara ya juya shi, ya ƙwanƙwasa, ya ce, "Alhaji, sai an canza cibiya, a sake saƙa wayoyin duka." Duk wanda ya kira ka Alhaji ba ka je Makka ba, aljihunka yake gaisarwa. Na biya. Keke ya ƙara nauyin kusan kilo guda, a yashi kuma gabansa ya riƙa sunkuyo duk takun feda, ƙarfina rabi na tafiya, rabi na rawa.

A kan dutse dai ya yi aiki, ba zan ci haƙƙinsa ba. Hannuna ya huta.

Sai hunturu ya sauko. Ƙura ta ratsa robar da ke tare bakin shokozoba, ya fara kuka ƙii-ƙii tun daga ƙofar gida har kasuwa. Mai gyara ya tsiyaya masa baƙin mai, ƙura ta samu wurin zama, suka haɗu suka zama kunu. Wata safiya ina gangarawa cikin Mayo, na taɓa birki, fok ya nutse ya ƙi tasowa. Keke ya tsaya cak, ni na ci gaba. Na sauka da haɓa gaban matan da ke haƙa yashi suna ɗiban ruwan wanki.

Ɗaya ta ce, "Sannu Baba, bari a kama ka."

Baba! Ni da furfurata ba ta cika goma ba. Faɗuwar ba ta yi mini zafi haka ba.

Yanzu shokozoba ya daskare, ko guduma ba ta motsa shi, tsohon fok kuwa mai gyara ya riga ya sayar. Na kai wa Yaya ƙara, ya duba wayarsa ya ce, "Ai laifin tayar baya ne. Akwai wanda ake sa wa can ma."