Gawo da Ganye, Sama da Hadari

Shagon hoto ne ɗan ƙarami kusa da Ƙofar Soro a Katsina, tsakiyar Janairu, hunturu ya kankama, ko Hasumiyar Gobarau sai ka matso kake ganinta. Alhaji zai fito takara, ya zo a haɗa masa fosta. Ɗan Kanzagi na riƙe masa da waya uku. Kawu kuwa tun asuba ya taso daga ƙauye yana bin sawun Alhaji, ya sami benci ya zauna, sandarsa tsakanin ƙafafu.

ALHAJI: Yaro, mene ne wannan?

MAI HOTO: Hotonka ne, ranka ya daɗe. Wanda muka ɗauka jiya a gonarka ta hanyar Batsari.

ALHAJI: Ai na gane kaina. Abin da ke bisa kaina nake tambaya. Wannan sama ne ko kunun kanwar da ya kwana?

ƊAN KANZAGI: Kunu ne, Alhaji. Ko sukari babu.

MAI HOTO: Hazo ne, ranka ya daɗe. Iskar hunturu ke kwaso ƙura daga hamada, ta wajen Chadi, ta baza mana. Jirgin sama ma yakan fasa sauka saboda ita, balle kyamara.

ALHAJI: To abokin hamayyata fa? Fostarsa na nan a Ƙofar Ƙaura, samansa shuɗi garau kamar an wanke da bula. Ba garinmu ɗaya ba? Ko shi daban ake raba masa?

KAWU: Ɗana, zancen kuɗin bijimin nan nawa...

ALHAJI: Haba Kawu, ai mun gama magana. Na ce sai damina ta faɗi.

KAWU: Da damina ka ce sai kaka. Da kaka ka ce sai damina.

ALHAJI: To ka ga ban canza magana ba, zagaye kawai take yi. Yaro, gyara min sama.

MAI HOTO: Bari mu fara da mai sauƙi. A Lightroom, manhajar gyaran hoto, akwai wani ɗan maɓalli na kore hazo, tun 2015 suka saka shi. Jan sa ake yi a hankali. Ka ga duhun bishiya ya fara fitowa, ga ƙasa ta yi ja.

ALHAJI: Ja shi da ƙarfi. Ni ba na son a hankali.

MAI HOTO: To ga shi har ƙarshe.

ALHAJI: Innalillahi! Wane tsoho ne wannan?

MAI HOTO: Kai ne, ranka ya daɗe. Shi maɓallin bai san hazo daban, mutum daban ba. Duk abin da ya dushe sai ya fito da shi. Ga tsagewar leɓe, ga layukan goshi, ga fason dunduniya ta cikin takalmi.

KAWU: Yanzu na gane ka. Kamar mahaifinka sak, ranar da fari suka cinye mai gero.

ƊAN KANZAGI: Sharrin kwamfuta ne, Alhaji. 'Yan adawa sun shiga cikinta.

ALHAJI: Mayar da shi. Ka ƙara kala kawai, komai ya yi rai.

Yaron ya ƙara. Duk wanda ya taɓa ganin hoton biki da aka cika wa kala ya san abin da ya biyo baya: ƙasar gona ta koma garin barkono, fuskar Alhaji ta koma manja, jar dara ta kama da wuta. Saman kuwa yana nan yadda yake, fari fat, ko gezau.

ALHAJI: Ka soya ni, ka bar abin da na sa ka!

MAI HOTO: Ranka ya daɗe, kala ba ta kama inda babu komai. Kyamara ba ido ba ce. Idonka yana ganin fuskar mutum a inuwa, ya ga sama mai haske, duk lokaci guda. Ita kuwa sai ta zaɓi ɗaya. Jiya na zaɓi fuskarka, shi ya sa saman ya ƙone. Wurin da ya ƙone fari ne zalla, ba abin da za a tono a ciki.

ALHAJI: Da ka zaɓi saman fa?

MAI HOTO: Da ka fito baƙi ƙirin kamar kututturen giginya, sai hula.

ƊAN KANZAGI: Gara da ya zaɓe ka, Alhaji. Ka ga an fara zaɓenka ke nan tun kafin ranar.

ALHAJI: Wannan magana ta yi. To yanzu sai yaya?

MAI HOTO: Sai dai a cire shi ɗungurungum a sa wani. Manhajar Photoshop na yi, tun 2020 suka kawo abin musanya sama. Ita da kanta take gane inda ƙasa ta ƙare, ta yanke, ta liƙa sabo. Ga su nan jere, ka zaɓa.

KAWU: Tsaya, yaro. Sama ne kuke ajiyewa cikin akwati kamar turamen atamfa?

MAI HOTO: Hotunansa ne, Baba. Wasu suka ɗauka a wasu garuruwa.

KAWU: Wato saman wani gari za a ara mai. Ya ari sa, ya ari sama.

ALHAJI: Kawu! Yaro, ka tabbata wannan ba algus ba ne? Kada malamai su tsare ni.

MAI HOTO: Tsohuwar sana'a ce, ranka ya daɗe. Tun wajen 1856 wani mai hoto a Faransa, Gustave Le Gray, yake yin haka. Sai ya ɗauki teku daban, ya ɗauki gajimare daban, ya haɗa su a takarda ɗaya, mutane su yi ta mamaki.

KAWU: Ashe algus ɗin ma na gado ne.

ALHAJI: Sa min wancan mai ja-ja.

MAI HOTO: Faɗuwar rana ke nan. Ga shi.

KAWU: Subhanallahi, gobarar daji! Ku ɗebo ruwa, karan dawa na nan tsaye!

ƊAN KANZAGI: Kuma Alhaji, ɗan takara da rana tana faɗuwa a bayansa... 'yan adawa za su yi mana waƙa da ita.

ALHAJI: Cire! Cire maza! Sa min na albarka. Wancan mai hadari, baƙi ƙirin, irin na tsakiyar Agusta. A rubuta a ƙasa: Manomi Ɗan Manomi.

Hadari ya haɗu a kan gonar Alhaji cikin ƙiftawar ido. Gaskiya ya yi kyau, har ɗan sanyi-sanyi kwamfutar ta zuba wa ƙasa don kalar ta dace. Alhaji ya gyara babbar riga. Sai Kawu ya tashi da sandarsa, ya matso har hancinsa na neman taɓa gilashi, ya daɗe yana kallo.

KAWU: Yaro, wanga icce mi ne ne?

MAI HOTO: Bishiya ce, Baba.

KAWU: Na san ba akuya ba ce. Gawo ne. Ka taɓa ganin gawo da ganye sharaf ƙarƙashin hadari? Gawo da damina yake kaɗe ganye ya tsaya tsirara, sai rani ya tsiro. Shi ya sa gero ke yin kyau a gindinsa. Yaron da ke kiwon awaki ma ya san wannan.

MAI HOTO: Sai in aske masa ganyen.

KAWU: Aske. Inuwar fa? Ga hadari ya rufe rana, ga inuwar ɗana kwance a ƙasa baƙa wuluk, har da ta hula. Wace rana ta yi ta? Ga mayafi ya naɗe wuya, ga leɓe ya sha man kaɗanya yana ƙyalli. Ga kara an girbe. Kuma dubi tsakanin rassan can, farin hazon na leƙowa, bai tafi ba, ɓuya ya yi.

MAI HOTO: Wajen rassa yakan ba ta wahala, sai an bi da hannu.

ALHAJI: Ina gefen hulata?

MAI HOTO: Ta ɗan haɗa da shi wajen yanka. Zan mayar.

ƊAN KANZAGI: Hadarin ne ya ci, Alhaji. Alamar nasara ce.

ALHAJI: Kawu, mutanen birni ne za su ga fostar nan. Wa ya san gawo a cikinsu? Yaro, bar ganyen. Shafe inuwar, cire mayafin, ka zuba min gero kore shar har kafaɗa. Ina son duk wanda ya gani ya rantse damina ce.

MAI HOTO: An gama, ranka ya daɗe.

ALHAJI: Kawu, don Allah dubi nan. Tsakaninka da Allah, wane lokaci ne wannan?

KAWU: Kai za ka faɗa, gonarka ce.

ALHAJI: Damina ce mana! Ta faɗi, har ta yi nisa!

ƊAN KANZAGI: Ni shaida ne. Har ƙamshin ƙasa nake ji.

KAWU: Alhamdu lillahi. Yaro, kai ma ka ji?

MAI HOTO: Na ji, Baba.

KAWU: Shaidu biyu ke nan. Ɗana, kuɗin sana.

ALHAJI: Wane... Kawu, ai wannan damina ta kwamfuta ce!

KAWU: To ka biya ni ta waya, duk ɗaya ne. Jikana ya buɗe mini asusu.

ALHAJI: Yaro! Maido da hazon! Maido da kunun nan yadda yake!

MAI HOTO: Ana iya maidowa, ranka ya daɗe. Amma sa sama dubu biyar ne, cire shi ma dubu biyar.

KAWU: Ga dubu shida, ka bar shi. Wanke mini guda biyu, ɗaya zan kai wa Mai Unguwa.