Kafin mu zagi 'yan kwana-kwana, mu auna faɗin lungunmu

Jama'a, duk ranar da gobara ta tashi a Katsina, kafin hayaƙi ya lafa an riga an yanke hukunci a Facebook: 'yan kwana-kwana sun makara, da suka zo ma ba su zo da ruwa ba. A wasu garuruwan ƙasar nan har jifansu ake yi, a fasa gilashin motar da gobe za a sake nema. Ni ban yarda da wannan hukunci ba. Ba ina nufin aikin ya kai yadda ake so ba ne, bai kai ba, kuma zan zo kan wannan. Abin da nake cewa shi ne, a yawancin sababbin unguwanninmu na bayan gari, makarar motar nan an ƙulla ta ne tun ranar da dillali ya ja igiya ya yanka fuloti.

Katsina ta zama babban birnin jiha a 1987. Garin da a da ake kwatanta shi da ganuwa da ƙofofi, Ƙofar Ƙaura, Ƙofar Marusa, Ƙofar Guga, Ƙofar Sauri da sauransu, yanzu ya malala ta kowace fuska. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua ta ja mutane ta hanyar Dutsin-Ma, Batagarawa ta kusa haɗewa da gari, haka hanyar Jibiya da ta Batsari da ta Daura. Ga kuma bayin Allah da rashin tsaro ya raba da ƙauyukansu, waɗanda dole su nemi inda za su sa haƙarƙarinsu. Gonakin da muka sani ana noma gero a cikinsu sun zama awon igiya. Mai gona yana son fuloti ya yi yawa, dillali yana son la'ada, mai saye yana son araha. Hanya ce kaɗai ba ta da mai tsaya mata, don haka ita ake ci.

Ku shiga irin waɗannan unguwanni ku duba da idonku. Lungun da aka bari tun farko bai fi a ce kurkura biyu su gifta juna da ƙyar ba. Sai wannan ya fito da dakali, wancan ya haƙa ramin masai a waje ya rufe da siminti mara kauri, na gaba ya jibge yashi da bulo na ginin da ya tsaya tun bara, wani ya kafa rumfar kwano ya sa tireda. A sama kuma wayoyin lantarki sun yi lilo, an ja su daga falwaya ɗaya zuwa gidaje barkatai. Motar kashe gobara faɗinta ya kai mita 2 da rabi, idan ta cika da ruwa nauyinta ya haura tan 10. Ta ina za ta bi?

Na ga wannan a unguwarmu cikin wani hunturu. Wuta ta kama ɗakin wata baiwar Allah da dare, daga kaskon garwashi da aka shiga da shi don jin ɗumi. Motar ta iso, amma a bakin lungu ta tsaya, domin gaba akwai ramin masai da ba zai ɗauke ta ba. Na ga ma'aikatan suna gudu da tiyo a kafaɗa suna haɗa shi gaɓa-gaɓa, ɗaya yana roƙon mutane, "Don Allah ku ja baya, ku ba mu hanya," matasa kuwa sun yi cincirindo kowa ya ɗaga waya yana ɗauka. Kafin ruwa ya kai, rufin ya riga ya rufta. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba. Washegari abin da ake faɗa a majalisa shi ne sun makara. Babu wanda ya ambaci ramin.

Mutane ba su san saurin wutar zamani ba. Ɗakin iyayenmu na ƙasa ne da azara, kayan ciki kaɗan. Ɗakin yau katifar soso ce, kujerun soso, labule, kafet, silin roba. Irin wannan ɗaki yana iya kamawa gaba ɗaya cikin ƙasa da minti 5, kuma hayaƙinsa ne ke fara kashe mutum kafin harshen wuta ya taɓa shi. To mu kuma me muke yi a waɗannan mintuna? Ihu da salati, guje-guje da bokiti, sai abu ya gagara a fara tambayar wa yake da lambar 'yan kwana-kwana. Idan an samu, sai kwatance: bayan gidan Alhaji wane, kusa da injin markaɗe. Layi ba suna, gida ba lamba. A titi kuma jiniya tana kuka, mai mota yana ganin ta gwamna ce kawai ake kauce wa.

Sai maganar ruwa, wadda ta fi ci mini rai. A yi lissafi mai sauƙi. A ce tankin mota yana ɗaukar lita 4,000, tiyo ɗaya kuma yana fitar da lita 400 a minti. Minti 10 ke nan, ruwa ya ƙare. Idan tiyo biyu aka buɗe, rabin haka. A biranen Amurka da Ingila ruwan da ke cikin mota na fara aiki ne kawai, kafin a jona ta da bututun kashe gobara da ke bakin titi, wanda ruwansa ba ya yankewa. Mu a nan, garin da ya dogara da madatsar Ajiwa tun yana ƙarami, unguwannin bayan gari da yawa kurar 'yan ga-ruwa ce famfonsu. Motar da ruwanta ya ƙare dole ta juya ta nemo wani, wutar kuma ba za ta jira ta ba. Wanda ya iso wurin a lokacin sai ya rantse cewa fanko suka zo.

Kowa ya tuna gobarar Babbar Kasuwar Katsina ta watan Maris na 2021, yadda ɗaruruwan shaguna suka ƙone, mutanen da suka kwana da jari suka yini ba su da ko sisi. An yi jaje, an kawo gudummawa, Allah ya saka wa waɗanda suka taimaka. Tambayata ga shugabannin 'yan kasuwa ita ce, a kasuwannin da ke tasowa yanzu a gefen gari, wace ce aka fara gina mata tankin ruwa na ko-ta-kwana kafin a raba rumfuna? Wace ce aka bar mata hanyar mota a tsakiya, aka kuma hana a kasa kaya a kanta? Kano ta ga irin wannan a kasuwar Sabon Gari a 2016. Darasin ba sabo ba ne.

Kuma mu daina ɗaukar cewa aikinsu feshin ruwa ne kawai. Yaro ya faɗa rijiya, su ake kira, mutum ya ɗaura igiya a ƙugu ya sauka ramin da iskarsa ma tana iya kashe shi. Damina ta cika kududdufi yara sun je wanka, su ne. Mota ta yi haɗari ƙarfe ya danne mutum, su ne. A Amurka kusan kashi biyu cikin uku na kiran da ake yi wa ma'aikatan kashe gobara na agajin marasa lafiya da waɗanda suka ji rauni ne. Akwai kuma aikin da ba a gani, wanda a wurina shi ne babba: duba gidajen mai, shagunan sayar da gas, makarantun kwana da otal kafin a buɗe su, da koya wa mutane cewa wutar fetur da ta man girki da ta lantarki ba a zuba musu ruwa. Abin da ya faru a Majiya ta jihar Jigawa a watan Oktoba na 2024, inda tankar mai ta faɗi mutane suka taru kwasa, ta fashe ta kashe fiye da mutum 150, ya isa ya nuna mana nauyin wannan wayar da kai.

Yanzu ga inda gwamnati ba ta da mafaka. Gari ba zai ninka ba tashoshin kashe gobara su tsaya inda suke. Ba sai an gina katafaren ofis ba. Ƙaramar tasha a kowace babbar hanyar fita gari, mota ɗaya mai lafiya, rijiyar burtsatse da babban tanki, man dizal da ba sai an rubuta takarda an jira sa hannu ba, da ma'aikata masu kayan kariya da na'urar shaƙar iska. Mutumin da za a tura cikin hayaƙi haƙƙinsa ne a biya shi alawus ɗinsa a kan kari, a kuma san makomar iyalinsa idan ya ji rauni. Lamba 112 ta gaggawa a tabbatar ana ɗauka, lambar tasha mafi kusa a rubuta ta a bangon kowane masallaci da makaranta. Hukumar tsara birane kuma ta riƙa zuwa tun ana awo, ba sai an yi rufi a zo da jan fenti ba.

Muna da wata dama da ba mu amfani da ita. Mafi yawan ma'aikatan kashe gobara a Amurka 'yan sa kai ne, mutanen gari da aka horar. Mu ma ga 'yan agajin Izala da na Fityanul Islam da na Jama'atu Nasril Islam, ga 'yan sintirin unguwa, matasa masu horo da biyayya waɗanda ko yaushe suna kusa. A ba su horo na 'yan kwanaki: yadda ake kashe wutar lantarkin gida daga mita, yadda ake amfani da tukunyar kashe gobara da yashi, yadda ake kore 'yan kallo a buɗe hanya. Su ne za su riƙe mintunan farko kafin mota ta iso.

Ranku ya daɗe masu unguwanni da magaddai, ku ne ake kawo wa takardar cinikin fili ku sa hannu. Ku ƙi sa wa awon da bai bar hanyar mota ba. Mu kuma magidanta, kafin sanyin bana ya kankama, a fitar da jarkokin fetur daga ɗakin kwana, a zare hita da dutsen guga idan an ɗauke wuta, a bar tukunyar gas inda iska ke shiga. Tagogin da muka dabaibaye da ƙarfe saboda ɓarayi, a kira mai walda ya mayar da ko da guda ɗaya mai buɗewa, a rataye makullinta inda matar gida da babban yaro za su laluba su samu ko cikin duhu.