Kafin ka zare wayar majigi daga soket

Assalamu alaikum ƙannena da sa'o'ina, musamman ku da ake miƙa wa jakar majigi a ce, "Kai ne ka san kan na'ura, je ka haɗa mana." Na san yadda abin yake. Da zarar an ga kana iya taɓa kwamfuta, shi ke nan ka zama injiniyan taro, ko ka taɓa buɗe littafin na'urar ko ba ka taɓa ba. Ni ma haka aka yi mini, kuma majigin farko da aka damƙa a hannuna ni na kashe shi, shi ya sa nake ganin ina da bakin magana.

Laifin da na yi ba wani babba ba ne a ido. Ana tashi daga taro mai riƙe da ɗakin zai tsaya a bakin ƙofa yana kaɗa makullai, ni kuma ina son a ce yaron nan akwai zafin nama. Sai in fizge waya daga bango alhali fanka na tsakiyar gudu, in cusa na'urar a jaka in ja zif. Ina tafe ina jin ɗuminta a haƙarƙarina, ban taɓa kawo komai a raina ba. Haka na yi ta yi har ranar da na danna maɓalli, wata 'yar jar fitila ta hau ƙiftawa, allo kuwa ko ƙyas. Da mai gyara ya kwance ta, ya nuna mini robar da ke kewaye da ƙwan fitilar, ta yi baƙi ta lanƙwashe. Bai yi mini faɗa ba. Tambaya ɗaya ya yi: "Malam, kana barin ta ta huce kuwa?" Kayan ba nawa ba ne, kuma kunyar da na ji a gaban mai su ta fi asarar ciwo.

Bari in gaya muku abin da ke cikin akwatin nan, don wanda ya san abin da yake riƙe da shi ba sai an yi ta jan kunnensa ba. Da yawa daga majigin da ke ajujuwa da ɗakunan taro suna aiki ne da irin ƙwan fitilar da kamfanin Philips ya fito da shi a 1995, wanda ake kira UHP. Ɗan ƙaramin gilashi ne mai ɗauke da zaiba, kuma idan yana ci, matsin da ke cikinsa yakan kai kamar ninki 200 na matsin iskar da muke shaƙa. Ku kwatanta da tayar ƙaramar mota, wadda ba ta wuce ninki biyu da ɗoriya ba. Zafinsa kuwa ɗaruruwan digiri ne, a cikin gidan roba wanda bai fi babban littafi girma ba. Abin da ya hana robar nan narkewa shi ne fankar da kuke jin ƙararta tana damun ku. Idan ka katse wuta farat ɗaya, haske ya tafi amma zafi yana nan daram, fankar da za ta kore shi ta tsaya, sai ya bi ya ratsa duk abin da ke maƙwabtaka da ƙwan. Shi ya sa aka tsara kashewa ta bi ta maɓalli: ka danna, ya tambaye ka ko da gaske kake, ka sake dannawa, haske ya ɗauke, fanka ta ci gaba da gudu na ɗan lokaci, sannan ta yi shiru da kanta. Sai bayan shirun nan hannunka zai je soket.

Wani zai ce ai nasu sabo ne, ana iya zarewa kai tsaye. Gaskiya ne akwai waɗanda aka ƙera haka, kuma masu aiki da leza ko LED ba su da wannan ƙwan gaba ɗaya. To amma littafin na'urar ne zai faɗa maka haka, ba abokinka ba. Ko da sabon ne, ban yarda a tura shi jaka yana turiri ba. Haka kuma idan ka kashe bisa kuskure, ko wuta ta ɗauke ta dawo, kada ka hau danna maɓalli kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar kurma. Ƙwan da yake da zafi yana wuyar sake kamawa, kuma kowane yunƙuri ci yake daga kwanansa. Ka ba shi 'yan mintuna. Inda wuta ke yawan wasa, ko ake aiki da janareta, a haɗa majigi ta bayan na'urar daidaita wuta, ko mafi kyau UPS, wato akwatin batir mai riƙe wuta idan ta ɗauke, wadda za ta ba fanka damar gama aikinta.

Ƙwan nan kwanansa ƙidayayye ne. Yawanci yana yin awa 2,000 zuwa 5,000 gwargwadon irinsa, ya fi haka idan aka sa shi a yanayin tattali da ake rubuta wa Eco, yayin da na leza da LED kan kai wajen awa 20,000. Na'urar tana lissafa awoyin da kanta, kuma tana yin gargaɗi idan lokaci ya gabato. Kada ku yi kunnen uwar shegu da gargaɗin don kawai hoto yana fita, domin tsohon ƙwai yana iya fashewa da ƙara mai firgitarwa. Idan hakan ta faru, ka fitar da mutane, ka buɗe tagogi, a bar ɗakin ya sha iska kamar rabin awa saboda tururin zaiba guba ne, kuma kada kowa ya kwashi tarkacen gilashin da hannu tsirara. Wajen canza ƙwai, a zare waya, a jira kamar awa guda, kuma yatsa kada ya taɓa gilashin sabon, don maiƙon hannu yana barin tabo da zafi zai taru a kai. Idan majigin a rataye yake a silin, ka tsaya a gefe lokacin buɗe murfin, kada ka ɗaga fuska a ƙarƙashinsa. Tsohon ƙwan kuma ba na kwandon shara ba ne, wurin masu karɓar tarkacen lantarki ake kai shi.

Duk maganar shigar iska da fitarta ce dai. Na sha ganin an ɗora majigi a kan kujera mai laushi, ko kan katifa, ko an tallafe shi da filo don hoto ya ɗaga sama. Duk waɗannan toshe masa hanci ne. Akwai ramukan da yake zuƙar iska, akwai waɗanda yake fitar da mai zafi, kuma kowanne yana son sarari, a ce kamar rabin mita tsakaninsa da bango. Takardar da ka ajiye a gefe ma tana iya mannewa a ramin zuƙa ba ka lura ba. Wayar salularka da rimot kuwa kada ka ajiye su a bakin ramin fitar zafi. Idan naku yana da filta, wato ɗan soson da ke tare ƙura, a riƙa ciro shi ana kakkaɓewa, don majigin da ke kashe kansa a tsakiyar darasi sau da yawa ba abin da ke damunsa sai ƙura. Sai dai a kiyayi gwangwanin iskar feshi da ake share kwamfuta da shi, yawancinsu iskar cikinsu mai kama wuta ce, kuma kun ji irin zafin da ke ciki. Masu zama a wurare masu tudu sosai, daga mita 1,500 sama da teku, su nemi saitin da ke ƙara wa fanka gudu, saboda iskar can ba ta da kauri.

Sai ido. Kada ka leƙa idon majigi yana kunne, ko da wasa, ko don ka ga abin da ya hana hoto fita. Yara su ne abin tsoro a nan, domin haske yana jan su, kuma tsayinsu daidai yake da teburin da aka ɗora na'urar. Kafin ka kunna, ka duba babu wanda ke tsaye a gaba yana fuskantar ta. Mai jawabi ya tsaya a gefen allo, idan dole ya ratsa ta cikin hasken ya kawar da kai. Wata ɗabi'a kuma da nake roƙon ku bari ita ce tare hasken da littafi ko takarda idan ana son mutane su saurari mai magana, ko mayar da murfin ido alhali fitila na ci. Hasken da ke fitowa a daidai bakin gilashin yana iya narkar da roba, ya babbaka takarda. Rimot yana da maɓallin ɗauke hoto na ɗan lokaci, kuma idan PowerPoint ake nunawa, danna harafin B yana mayar da allo baƙi, sake dannawa ya dawo da shi.

Game da haɗawa, ba a fafe gora ranar tafiya. Ka isa ɗakin tun babu kowa. Kowane majigi yana da lissafin nisansa a rubuce: idan an ce 1.5, ka ninka faɗin hoton da kake so da wannan adadi, hoto mai faɗin mita 2 yana son nisan mita 3. Ka tuna kuma duk ja da bayan da ka yi, hoto yana girma amma yana dusashewa. Idan ka ninka nisa sau biyu, hasken da ke sauka a kowane ɓangaren allo ya koma kashi ɗaya cikin huɗu, don haka rufe labule da kashe fitilun gaba ya fi cika bango da hoton da ba a gani. Ka sa na'urar ta fuskanci tsakiyar allo sosai a kan tebur mai ƙwari. Idan ta karkata sama, hoton zai fito sama da faɗi ƙasa a tsuke, kuma a nan ne kowa ke garzayawa maɓallin kiston, mai miƙar da gefunan hoto. Ni ina ajiye shi a matsayin dabarar ƙarshe. Ɗigon da ke haɗa hoto ƙidayayyu ne. Majigi mai 1920 sau 1080 yana da ɗigo 2,073,600, kuma a irin DLP, wanda Larry Hornbeck ya ƙirƙiro a kamfanin Texas Instruments a 1987, kowane ɗigo ɗan mitsitsin madubi ne mai motsi. Kiston matse hoton yake yi ya bar wasu ɗigon ba aiki, sai rubutu ya rage kaifi. Gyara ƙafafun na'urar da matsar da tebur ba sa cin komai daga hoton. Wajen daidaita kaifi kuma, ka buɗe shafi mai ƙananan rubutu, ka je kujerar ƙarshe ka gani da idonka.

Wayoyi ba su da wuya. HDMI tana ɗaukar hoto da sauti tare, tsohuwar VGA mai allurai 15 hoto kaɗai take kaiwa, kuma allurar nan idan ɗaya ta lanƙwashe sai ka ga allo ya rine da launi guda. Idan an haɗa komai amma babu hoto, kafin ka ce ya lalace, ka danna maɓallin Source ka zaɓi ƙofar da ka soka wayar. A kwamfuta mai Windows, maɓallin Windows tare da P yana ba ka zaɓin ko allon biyu su nuna abu ɗaya, ko majigi ya zama allo na daban. Ina ba ku shawarar na biyun, ko aƙalla ku rufe WhatsApp da imel ku kashe sanarwa. Na ga saƙon da bai kamata kowa ya gani ba ya faɗo a bango da manyan haruffa a gaban cikakken ɗaki, kuma babu maɓallin da ke goge shi daga idon waɗanda suka karanta.

Wayar da ta ratsa hanyar wucewa tarko ce. Mutum ɗaya ya harɗe a duhu, shi ya faɗi, majigi mai zafi ya biyo shi ƙasa. A bi da ita ta gefen bango, inda dole ta tsallaka a manne ta da ƙasa da salatif mai faɗi. Kada a karya ƙafa ta uku ta filogi don ya shiga soket, ita ce ke kai wutar da ta ɓalle zuwa ƙasa maimakon jikinka. Ratayewa a silin kuwa ba aikin gwaji ba ne, a kira wanda ya iya, a sa ƙarfen da aka yi domin hakan. Na'urar ma ba a ɗaga ta ko jijjiga ta tana kunne.

Yanzu idan an tashi taro, na danna maɓalli sau biyu, sai in juya wa majigin baya in kama wani aiki. In rufe kwamfuta, in naɗe wayar HDMI a hankali ba tare da karya ta a gwiwar hannu ba, in ɓanɓare salatif daga ƙasa, in jefa rimot a aljihun jaka tun bai bi wani gida ba. Kafin in gama, fanka ta yi shiru. In zare waya ta hanyar kama kan filogi, in kai bayan hannuna kusa da ramin iska in ji ko ya huce, in mayar da murfin ido, sannan jaka. Idan wata fitilar gargaɗi ta ƙifta a lokacin aiki, ko ya kashe kansa ko sau ɗaya ne, ina gaya wa mai kayan a lokacin da nake miƙa masa, har da launin fitilar da yadda take ƙiftawa, domin da wannan ne mai gyara ke gane ko ƙwai ne ko zafi. Mai makulli kuma idan ya matsa, nakan ce masa, "Yi haƙuri Baba, saurara ka ji, tana numfashi tukuna."