Wanda ya nemi hoton fa, wa ke duba halinsa?

Duk ranar da hoton tsiraicin wata yarinya ya fita a Bauchi, daga Gwallameji har Wunti magana ɗaya ce: "Wa ya aike ta?" Ita ake zagi, gidansu ake nunawa da baki, aurenta ake fasawa. Shi kuwa da ya shafe watanni yana lallaɓa ta har ta tura, da yamma yana majalisa yana shan shayinsa. Wannan abu yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Ba wanke ta nake yi ba. Tura irin wannan hoto haramun ne, kuma ganganci ne. Amma mu dubi mai nema. A 2002 wasu masana halayyar ɗan Adam a Kanada, Delroy Paulhus da Kevin Williams, suka haɗa miyagun halaye uku wuri guda: ji da kai har mutum ya ga kowa dominsa aka yi shi, makirci da juya mutane da daɗin baki, sai ƙeƙashewar zuciya, babu tausayi babu nadama. Binciken da aka yi daga baya a kan matasa ya nuna masu waɗannan halaye sun fi matsa wa mutum ya tura, sun kuma fi yaɗa abin da aka ba su amana.

Ku ji yadda suke magana a WhatsApp. "In dai kina sona, ki nuna min." "Wallahi ina gani zan goge." "Ai aurenki zan yi, me za ki ɓoye min?" In ta ƙi, ya ɗauke mata wuta kwana biyu, ta koma tana ba shi haƙuri kan laifin da ba ta yi ba. In ta tura irin wanda ake buɗewa sau ɗaya, ya ɗauke shi da wata wayar. Ranar da ta ce a rabu, sai barazana ta fara.

Maza ma ba su tsira ba. A Yulin 2024 kamfanin Meta ya sanar da cewa ya rufe asusun Instagram kusan 63,000 a Najeriya na masu yaudarar mutane su karɓi hotunansu, su dawo suna tatsar su kuɗi, kuma maza suka fi kai wa hari.

Iyaye, in 'yarku ta zo muku tana kuka, kafin a kai ga faɗa, kada a goge saƙonnin barazanar. Hujja ce. Dokar laifukan intanet ta 2015 tana nan, a kai wa 'yan sanda. Ku kuma samarin da ya turo wa hoton cikin gurup kuka yi dariya, kun san sunansa, kun san gidansu, kuma kun san ba ita ce ta farko ba.