Yawan masu suna Musa ba ya nufin gida ɗaya suka fito

Kwanakin baya wani abokin aikina Bafaranshe a nan Liyon ya buɗe mini wata taswira a intanet wadda take nuna inda kowane sunan iyali ya fi yawa a duniya. Ya rubuta Moussa, yadda yake a fasfona, sai ga Nijar da maƙwabtanta sun cika da shi, kuma ya tambaye ni da zuciya ɗaya ko duk waɗannan dangina ne. Tambayar ta tsaya mini a rai, domin ta nuna mini cewa ana auna mu da mudun da ba namu ba.

A wurin Turawa tambayar tana da ma'ana. Sunan da ya fi kowane yawa a Faransa shi ne Martin, a Ingila Smith, a Jamus Müller, kuma da yawansu daga sana'a suka samo asali, domin Smith maƙeri ne, haka ma Lefebvre na Faransawa, Müller kuwa mai niƙan hatsi. Tun 1794 dokar Faransa ta hana mutum ɗaukar wani suna ban da wanda ke cikin takardar haihuwarsa. A Koriya ta Kudu kusan mutum ɗaya cikin biyar Kim ne. Ko a can ba kowane Martin ne ɗan'uwan wani Martin ba, amma tunda sunan yana bin zuriya ɗaruruwan shekaru, wanda ya bi sawunsa zai iya gane inda wasu gidaje suka taso da inda suka yi ƙaura.

A garinmu Damagaram, wato Zinder a Nijar, ba haka abin yake ba. Ranar suna liman yana raɗa wa jariri sunan yanka, idan an zo rubutawa a ɗora masa na mahaifinsa. Ni ɗan Musa ne, Musa ɗan Abdu, Abdu ɗan Ibrahim, saboda haka abin da Nasara ke kira sunan iyali yana sauyawa a gidanmu da kowane uba. Sunayen da muke zaɓa kuma ba su da yawa, akasarinsu na annabawa ne da sahabbai. Taswirar abokina ba zuriya ta ƙirga ba, iyaye maza masu suna Musa ta ƙirga, daga Bahaushen Mirya zuwa Babarbaren Gure da Buzun Tanut, waɗanda ba abin da ya haɗa su sai Musulunci.

Ga kuma matsalar rubutu, wadda ita ce ta fi ci mini tuwo a ƙwarya. Suna ɗaya ne yake fitowa Mahamadou, Mahamane, Mamane ko Mohamed, gwargwadon kunnen ma'aikacin da ya riƙe alƙalami a ranar. Ɗan'uwan da ya tsallaka Kano ya zama Usman ko Yusuf, wanda ya zauna Magarya ya zama Ousmane ko Issoufou, sai na'ura ta raba gida ɗaya gida biyu. A Najeriya ma makarantar boko ta bi wata hanya daban, inda mutane da yawa suka ɗauki sunan garinsu, kamar Aminu Kano da Shehu Shagari da Abubakar Tafawa Ɓalewa.

Wanda ya tashi a Zinder ya san cewa ba da sunan uba kaɗai ake gane mutum ba. Idan ka je gaida dattijo a Birni ko Zango, tambayarsa ita ce: ɗan gidan wa ne kai? Amsar da zai gamsu da ita ita ce gidan malamai, ko dukawa, ko majema, ko fatake, sannan unguwa, sannan laƙabin kakanka. Laƙabin nan sau da yawa ya fi sunan yanka ƙarfi, musamman da yake alkunya tana hana uwa ambaton sunan ɗanta na fari. Tanko yana gaya maka an haife shi bayan mata, Gambo bayan tagwaye. Sarkin Damagaram da Faransawa suka tarar a 1899 ma, Amadu ne sunansa, amma da Kuran Daga tarihi ya riƙe shi.

Abin da ya sa nake wannan rubutu shi ne ƴaƴana. An haife su a nan, kuma takarda ta ba su Moussa, sunan kakansu, wanda ɗan nawa zai miƙa wa nasa ƴaƴan. Ina alfahari da sunan mahaifina, amma sarƙar da ta saba tafiya daga uba zuwa ɗa ta tsaya cak a kansa, kuma Abdu da Ibrahim sun fita daga lissafi. Ra'ayina shi ne kada hukumominmu na gida su kwaikwayi wannan tsari ido rufe. Ya fi dacewa takardar haihuwa ta ɗauki sunan yaro da na uba da na kaka, da rubutu iri ɗaya daga Zinder har Yamai, ta yadda ɗan'uwa ba zai sha wahalar tabbatar da gado ko zumunci ba saboda harafi ɗaya. A gidana kuwa na fara koya wa babbar ƴata kakanninta bakwai da unguwarsu, kuma idan Allah ya kai mu hutun damina zan kai ta gaban gwaggona a Birni ta gyara mana inda na yi kuskure.